Tsakanin Ƙofa Biyu

Tun da aka fara zaman sulhun, Alƙali bai ci abinci da kowa ba. Teburinsa yana can kusurwar ɗakin cin abinci na otal ɗin, dab da ƙofar kicin, inda ƙarar wanke-wanke ke taya shi hira. In ya zauna da mutanen gwamnati, na ƙetaren kogi za su ce an saye shi da farantin shinkafa. In ya zauna da na ƙetare, na gwamnati za su ce dama ai surukansa ne. Sai ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, tun da shi dai bango ba ya kai gulma.

Ya daɗe da barin kotu, yana gida yana fama da gwiwa da shukar tumatir, aka zo aka ɗauko shi. Abin da ya sa aka zaɓe shi kuwa shi ne abin da ya kamata ya hana: ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, Kanar ne a rundunar gwamnati, marigayiya matarsa kuma 'yar ƙetaren kogi ce. Kowane ɓangare ya yarda da rabinsa, ya sa wa ɗaya rabin ido.

Manyan mutanen nan, masu furfura da jikoki, sun rantse ba za su haɗa ɗaki ba. Aka ba gwamnati ɗaki a wannan ƙarshen baranda, aka ba mutanen ƙetare a wancan ƙarshen, Alƙali ya zama ɗan aike da tsufansa. In aka ba shi zagi ya kai, sai ya tsaya a tsakiya wajen wata fulawar roba mai ƙura, ya tsince ƙayoyin, ya kai abin da ya rage. Wani lokaci ba abin da ke ragewa, sai ya shiga ya ce ana gaishe su.

Ba don daɗin aikin yake yi ba. Sojoji sun tara manyan bindigogi a bakin kogi, suna jiran ruwa ya janye su tsallaka, kuma garin da ke can cike yake da mata da yara da tsofaffin da ba su da ƙafar gudu. In zaman nan ya watse, shi ke nan. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan a tsallaka kuwa shi ne Kanar.

"Har yaushe za mu yi ta binne yaranmu ɗai-ɗai?" in ji shi, yana dukan tebur. "A ƙyale mu mu gama abin nan gaba ɗaya!"

"Haka ka ce bara, Kanar," in ji Alƙali. "Su ma can ɗakin abin da suke faɗa ke nan."

Kanar Alƙali yake ce wa ƙanen nasa, mutumin da ya koya wa hawan keke, ya share wa majina. Duk lokacin da ya faɗa sai abin ya yi masa ciwo. Amma ya kafa wa kansa doka tun ranar farko: ba wanda zai shiga ɗakin kwanansa, ba kuma wanda zai keɓe da shi. Ba a bar dokar ga amanarsa kaɗai ba, don kowane ɓangare ya ajiye mutum a kan kujera a barandar, riƙe da jaridar da ba a taɓa ganin an juya shafinta ba.

Ana cikin haka jita-jita ta shiga ɗakin ƙetare cewa Alƙali yana kwashe sirrinsu yana kai wa ƙanensa. Matasan cikinsu suka fara haɗa jakunkuna. Da ƙyar shugabansu, wani dattijo da ake kira Likita, ya zaunar da su.

Washegari da safe, Alƙali yana jiƙa burodi a shayi, aka ƙwanƙwasa. Ya buɗe ya ga Kanar tsaye, ba hula, maɓallan rigarsa a karkace.

"Yaya," ya ce. "Inna ta rasu."

Yayarsu ce, amma Inna suke ce mata, don ita ta riƙe su bayan mutuwar uwarsu, ta ƙi aure har sai da ta ga sun zama mutane. Kanar ya tako zai shiga, hannuwansa a buɗe kamar na yaro. Ta saman kafaɗarsa Alƙali ya hango mutumin ƙetare ya sauke jaridarsa, ya zuba musu ido.

Sai ya miƙa hannu ya dafa bakin ƙofar, ya tare hanya.

"Allah ya jiƙanta," ya ce. "Allah ya ba mu haƙuri."

"Matsa in shiga mana, Yaya."

"Ba zai yiwu ba."

"To zo mu tafi. Ga mota a ƙasa. In mun yi sauri za mu same ta kafin a kai ta."

"Ka je kai. Ka tsaya mini."

Kanar ya dube shi, ya waiwaya ya dubi mai jaridar, ya sake dubansa. "Saboda wancan?" ya ce. "Inna fa na ce maka. Inna!"

Alƙali bai sauke hannun ba. Kanar ya gyaɗa kai a hankali, ya juya, ya bi matakala yana dafa bango.

Da Alƙali ya rufe ƙofa ya zauna a bakin gado, ya cusa tawul a baki ya yi kuka, don ko kukan ma ba ya so a ji a fassara. Duk duniya mutum ɗaya ne ya san irin rashin da ya yi, shi ne kuma ya kora. Bai taɓa jin kaɗaici irin na safiyar nan ba, ko ranar da ya binne matarsa. Shayin ya huce, ya wanke fuska, ya ɗauki sandarsa ya nufi ɗakin ƙetare.

Ya tarar an yi tsit. Likita ya miƙe tsaye, sauran suka bi shi.

"Mun ji an yi maka rashi, ranka ya daɗe. Mun kuma ji ka bar ƙanenka a bakin ƙofa." Ya cire tabarau yana gogewa. "Ba zan ɓoye maka ba, da ka buɗe masa, da yanzu yarana suna cikin mota, kuma da ban iya tare su ba. Na ji kunyar wannan. Zauna mu yi maganar gadar kogin nan da aka toshe."

Ba a ranar aka gama ba. An yi ta ja, an yi fushi, an fita an dawo. Amma ɗakin gwamnati ya rage zafi da babu mai dukan tebur, Ministan da ke jagorantarsu kuma ya gaji da lissafin gawa. A ƙarshe aka yarda a ja bindigogi baya, a buɗe gada ga abinci da marasa lafiya, a yi musayar fursunoni, sauran rigimar a kawo ta tebur ɗaya. Aka sa hannu, aka yi hoto. Alƙali ya fito a gefe, rabin fuskarsa a waje.

Bai tsaya walima ba, ya shiga motar haya. A hanya direba ya ƙure rediyo, fasinjoji suna ta murna, wata mata tana kuka tana cewa ɗanta zai dawo. Ba wanda ya san tsohon da ke matse a kujerar baya da jaka a cinya.

Ya isa gidan Inna da la'asar. Masu zaman makoki sun watse, sai kujerun haya da aka jera a jikin katanga. Kanar yana tsakar gida cikin tsohuwar riga, yana naɗe tabarmi. Da ya ga mai shigowa ya ajiye, ya ɗauko kujera ɗaya ya kakkaɓe ta, ya kai ta zaure inda ake sauke baƙi. Ya kawo ruwa a kofin baƙi, ya tsuguna ya ajiye.

"Ya haƙuri?" in ji Alƙali. "Ya haƙurinmu, ƙanena?"

"Haƙuri ya zama dole," in ji Kanar, idonsa a ƙasa. "An sha hanya. Mun gode da zuwa, ranka ya daɗe. Allah ya ba da lada."

Ya koma ciki wajen tabarminsa. Alƙali ya zauna a zaure da kofin a hannu, yana jin muryoyin 'yan'uwansa a can cikin gida, yana jiran ko wani zai leƙo ya ce ya shigo.