Sunanta a Gefen Kowane Layi

Aikin da aka ba Mai Faci ranar Litinin ɗin nan bai kai a kira shi aiki ba. Wasu kwastomomi ne, masu ɗakin gwajin jini, suka ce suna so allon sa ido ya riƙa nuna musu girman kwafin bayanansu, ba lokacin da aka ɗauke shi kaɗai ba. Ta yanka wa abin awa biyu, har da shan shayi a ciki.

Sana'ar kamfanin nasu gadi ce, sai dai ba gadin ƙofa ba. Manyan kwamfutocin mutane suke tsarewa. Suna da wasu ƙananan manhajoji da suke kira 'yan sintiri, kowane da tambayarsa guda ɗaya: wannan ya duba zafi, wancan ya duba ko ma'aji ya cika. Duk minti biyar ɗan sintiri zai je ya leƙa, ya dawo da amsa, amsar ta fito a ƙaton allon da ke bangon ofis. Kore lafiya, rawaya a lura, ja kuwa a tashi tsaye. Ita ce mai ɗinke su idan sun yage, shi ya sa sunan ya bi ta, har Manaja ma da shi yake kiranta.

Ta ƙara layukanta huɗu a rubutun umarnin ɗan sintirin da ke duba kwafin, ta gwada. Gurbin girman ya fito wayam. Ta sake gwadawa, wayam. Sai ta shiga kwamfutar masu gwajin jinin da kanta, ta buɗe inda kwafin ya kamata ya zauna, ta tarar babu ko ƙura. Wata goma sha huɗu ke nan rabon da a ɗauki kwafi, allon bango kuwa kore shar, bai taɓa ko ƙiftawa ba.

Ba ta sha wuya ba ta gano dalili. Ɗan sintirin yana tambayar awa nawa ke nan da ɗaukar kwafi. Idan bai samu kwafin ba sam, sai ya ɗauki rashin amsa a matsayin sifili, sifili kuwa ai sabo fil ke nan. Wato duk ranar da babu komai, ranar ce yake rantsuwa komai lafiya. Ta duba gefen layin, inda rajistar aiki ke nuna sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Sunan Kawu ne, shekara tara da suka wuce.

Kawu ƙanen mahaifiyarta ne, kuma shi ne shugaban sashen. Shi ya fara ɗora hannunta a kan kwamfuta, shi ya kawo ta kamfanin nan, saura wata biyar ya yi ritaya. Ta same shi a ofishinsa yana goge tabarau, ta turo ƙofa ta rufe, ta nuna masa. Ya daɗe yana kallon layin.

“Madalla, 'yata. Idonki ya fi nawa,” in ji shi. “Gyara shi yanzu. Kuma tunda kin buɗe fayil ɗin, daidaita layukan gaba ɗaya, duk sun karkace. Kin san ba na son ƙazamin aiki.”

Ta sani kuwa. Tun tana koyo yake buge mata hannu a kan hakan: kar ki bar fayil da datti yadda kika same shi. Ta koma kujerarta zuciyarta wasai, tana jin ta rufa wa Kawu asiri kafin wani bare ya gani. Ta gyara kuskuren, ta bi layi ɗari uku da 'yan kai ta jera su tsaf, ta tura. Kawu ya sa hannun amincewa cikin minti ɗaya. Bayan minti biyar gurbin masu gwajin jini ya koma ja, saƙon gargaɗi ya tafi wayoyinsu kai tsaye.

Kafin azahar shugabar ɗakin gwajin ta iso da kanta, da lauyanta a baya. Ba su yi asarar komai ba tukuna, amma wa zai gaya wa mutum haka bayan ya ji wata goma sha huɗu yana kwance ƙofa a buɗe? Muryarta har ta cikin gilashi ake ji. Magana ɗaya take maimaitawa: a nuna mata wanda ya yi wannan aikin, ko ta kwashe kayanta.

Washegari aka kira taro. Manaja mutum ne da bai san layi daga layi ba, abin da ya iya shi ne neman wanda za a ɗora wa. Wani ya taɓa gaya masa rajista ba ta ƙarya, ya riƙe wannan gam. Ya sa aka haska fayil ɗin a bango. Sunan Mai Faci ne a gefen layi na farko, da na biyu, da na ɗari uku, da layin da ya jawo masifar. Duk wanda ya matsar da layi ko da taku ɗaya ne, sunansa ke hawa kai. Ta fi kowa sanin haka, amma jiya ko a ranta bai zo ba.

“Ranka ya daɗe, wannan na jiya ne,” ta ce. “Gyara na yi. Rajistar tana nuna wanda ya taɓa a ƙarshe ne kawai, akwai tarihi a bayanta.”

“Ni ba na son dogon turanci,” in ji Manaja. Ya juya ga Kawu. “Kai ne babba a nan. Aikin waye wannan?”

Kawu ya cire tabarau, ya kalli tebur.

“Abin da allo ya nuna ke nan, ranka ya daɗe. Amma a yi mata sassauci. Kuskure ne, kowa yana yi.”

Mutum shida ne a ɗakin, huɗu daga ciki sun san maɓalli ɗaya za a danna tarihin ya fito da sunan Kawu da kwanan wata. Duk suka yi gum, kowa ya sami abin karantawa a wayarsa. Ita ma yatsanta yana kan maɓallin. Ta kalli furfurar Kawu, ta tuna mahaifiyarta, ta tuna wata biyar. Can ƙasan ranta kuma tana jira ne, tana cewa yanzu zai ɗago ya ce a'a, nawa ne. Ta ba shi lokaci har shirun ya yi nauyi. Bai ɗago ba. A nan ne ta gane cewa jiya, lokacin da yake ce mata ta daidaita layukan, ya riga ya ga wannan taron. Abin ya yi mata ciwo fiye da kunyar, ta janye hannunta.

Ba a kore ta ba, an dai yi abin da ya fi kora cin rai. Aka karɓe izininta na taɓa 'yan sintiri, aka mayar da ita teburin amsa waya, kusa da injin kwafe takardu. Aka rubuta wa masu gwajin jini cewa an gano mai laifi, an ɗauki mataki. Shekara bakwai tana ɗinki, yanzu ga ta tana ce wa mutane su kashe su kunna su gani.

Ranar Asabar mahaifiyarta ta kira ta.

“Ke wace irin 'ya ce? Kawunki yana kwance, jininsa ya hau saboda abin da kika jawo, ko leƙe ba ki yi ba. Matarsa ta ce ba don ya tsaya miki ba, da tuni an sallame ki. Shirya mu je ki yi masa godiya.”

“Umma, ba haka abin yake ba.”

“Yaya yake? Ƙanen nawa ne zai yi ƙarya?”

Ta ina za ta fara yi wa Umma bayanin sifili da rashin amsa? Ta ɗauki jakarta.

Sun same shi a falo, kishingiɗe, da filo biyu a bayansa da kwalin magani a gefe. Ta gaishe shi, ta yi masa ya jiki. Umma ta zungure ta da gwiwar hannu.

“Na gode, Kawu,” ta ce. Kalmar ta fito mata kamar tana tauna yashi.

“Haba, ba komai. Ai ke tawa ce,” in ji shi, yana kallon labule.

Da Umma ta shiga ciki wajen matarsa, falon ya rage su biyu. Fanka tana juyawa. Kawu ya gyara zama, ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

“'Yata, akwai wata 'yar magana. Layin nan, ina jin na kwafe shi zuwa wasu 'yan sintirin a lokacin. Kamar guda tara. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu, kuma yadda kika bi kika gyara bai zauna min sosai ba. Ki rubuta min gyaran a gida, ki turo min ta waya. Ni zan shigar a hankali, ɗaya bayan ɗaya, tunda ke an rufe miki.”

Ta dube shi sosai, karo na farko tun ranar taron. Tsoho ne kawai a tsorace, kuma ko kunya bai ji ba.

“Da sunan wa za su shiga?”

“To, da nawa mana. Ai ba yadda za a yi.”

Daga ciki ta jiyo dariyar Umma, da ƙarar kofuna a kan faranti, suna tahowa.

“Ba tara ba ne, Kawu,” ta ce a hankali. “Goma sha bakwai ne. Na riga na ƙirga su.”