Gwamna Ya Fita Rangadi

Mijina Dongmo ya fi sanin cikin alade a kan nasa cikin. Tun ina amarya, duk damina sai zawo ya shigo garkenmu ya kwashe 'ya'yan aladu kamar an bi da tsintsiya. Manyan fararen nan na ƙasar waje kuwa, sai kyau ba zuciya. Ka ɗora ɗaya a babur zuwa kasuwar Dschang, kafin a isa ya firgita, jiki ya ɗau ɓari, ya sandare. Shi ne Dongmo ya ɗaura ɗamara. Wanda zawo ya tsallake, hayaniya kuma ba ta razana shi, shi yake ajiyewa ya haɗa da irinsa, sauran a sayar. A haka muka yi furfura kafin a samu namijin aladen da muke kira Gwamna.

Baƙi ne mai farin goshi, ko bindiga aka harba ba ya ɗaga kai daga dusa. Bai taɓa barbara ba, don matan garkenmu duk jininsa ne, Dongmo na jiran wata ƙarama da ya kama a Bafou ta girma. Maƙwabta kuwa ƙememe ya hana su aronsa, wai kada a shafa masa cuta.

Ana nan da rani danginmu suka sa ranar babban bikin tunawa da mahaifiyata. A al'adarmu, suruki alade yake kaiwa, magajin gida ke zaɓa. Yayana Kenfak, magajin gidanmu, ya zo ya jingina da shinge.

"Suruki, wancan baƙin."

"Yaya, ga fari can, ya fi shi kitse."

"Mai rawar ɗarin? Ya mutu a hanya a ce mushe na ba mutane? Matar da ta haifa maka mata ba a yi mata biki da ɓera."

Dongmo ya ce, "To." Washegari ya ɗauki addarsa ya tafi gidanmu kafa rumfuna. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina son a fita kunyar uwata, amma wahalar mutumin nan ta shekara da shekaru ce za a zuba a tukunya.

Yana ba da baya, na ɗaura wa Gwamna igiya a ƙafar baya muka fita.

"Maman Mirey, yau Gwamna rangadi ya fito?" in ji maƙwabciyarmu Ma Zofak. "Mijinki ya mutu ne?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Macen aladenki tana neman namiji ko in wuce?"

"Tun jiya take cizon katako. Shigo da ango!"

Gida gida muka bi har ƙafata ta kumbura. Wasu matan aladun suka karɓe shi, wasu suka kore shi da cizo, shi ko a jikinsa.

Aka yi biki. Aka dafa Gwamna da agada da manja, mutane na ta santi. Dongmo ya yi rawa tare da sauran surukai har ya jiƙe, amma ko romo bai taɓa ba. Bayan nan ya daina fito in zai ba aladu abinci. Ni ma ban faɗa masa komai ba, kada in sa masa rai a banza.

Damina ta yi nisa, zawo ya dawo unguwa. Ran nan da hantsi sai ga Ma Zofak da kwando a ka. A al'ada, mai namiji yana da ɗa guda a cikin haihuwa.

"Baban Mirey, ga rabonka."

"Rabon me, Ma?"

"Tambayi matarka, ita ta kai ango."

Ya dube ni, na dubi sama. Ya sa hannu a kwandon ya ɗago ɗan alade ta ƙafa, ya ɗaga wutsiyar ya leƙa. A bushe ƙarau.

"Sauran fa?" in ji shi.

"Duk suna nan suna cinye ni. Ko ɗaya bai tsuguna ba."

Ya zauna a ƙasa da abin a cinya, hawaye na bin gemunsa.

"Maman Mirey, ashe da ɓarauniya nake zaune."

Na ce, "Tashi, tsoho. Akwai sauran gidaje da ba su kawo nasu ba."