Takunkumi a Bakin Salansa

Hamidu malamin dabbobi ne a Gwandu. A bazarar 1993 ciwon huhu ya shiga shanu, a daidai lokacin da garken Ardo Umaru ya tafi cin rani fadamar Wurogauri, can ƙasar Kalgo. Ardo ya aiko cewa shanu uku sun fara tari, kuma shi bai yarda kowa ya taɓa masa dabba ba sai Hamidu, wanda ya saba yi musu allura tun yana sabon ma'aikaci.

Maganin rigakafin ba ya shiri da zafi. A firjin kananzir na ofis yake zama, in za a fita da shi sai a jera kwalaben a ƙaramar kula a rufe da ƙanƙara. Ƙanƙara na narkewa, magani ya mutu.

Abin hawan Hamidu wani jan babur ne na hannu, irin na tsere, da ya shigo ta Kwatano. In ka gan shi a tsaye sai ka ce tashi sama zai yi, amma da ya kai gudun sittin ya gama, ko an murɗe totur har ƙarshe. A yashi kuwa sai mai shi ya sauka ya tura.

Ranar da ya fara tafiyar, bai isa Kalgo ba sai bayan azahar. Ya tsaya gindin wata darbejiya ya buɗe kula, ya tarar kwalabe na iyo cikin ruwa mai ɗumi. Da ya wuce ya yi allurar a haka, ba wanda zai sani. Ya daɗe yana kallon kwalaben, sannan ya zubar da maganin, ya zauna ya yi tagumi.

Kusa da bishiyar akwai rumfar Bawa, wani dattijo mai gyaran injin ban-ruwa da injin niƙa. Tun isowar babur ɗin kunnensa ke kansa. Bayan sun gaisa ya ji abin da ya faru, sai ya ce Hamidu ya tayar masa da babur ɗin. Ya kara tafin hannu a bakin salansa.

"Malam, wanga babur ba rago na ba. Takunkumi anka sa mishi."

Ya ce a ƙasashen Turawa akan liƙa wani zoben ƙarfe a maƙogwaron salansa don 'yan koyo, hayaƙi ya riƙa fita da ƙyar, inji ya kasa sakin jiki. Sau ɗaya ya taɓa gani, a babur ɗin wani ɗan kasuwar Jega. Hamidu ya roƙe shi ya cire. Bawa ya zagaya ya taka birki, ya girgiza kai.

"Ba ni kwance ma doki dabaibayi in ba shi da linzami."

Dole Hamidu ya taka da ƙafa har bakin kasuwa ya samo sabon birki. Sai da aka ɗaura shi Bawa ya kwance salansa, ga zoben nan kuwa an yi masa walda, raminsa bai fi a zura ɗan yatsa ba. Da magagari da guduma ya lallaɓa shi har ya fita, ya gyara shan mai, ya mayar da komai. Da Hamidu ya buga, sai da kajin maƙwabta suka watse. Bawa ya ja masa kunne: gudu a kan kwalta kawai, in ya shiga gari ya tuna akwai yara da awaki.

Hamidu ya koma Gwandu, washegari ya ɗauki sabon magani. Babur ya ci hanya kamar ba shi ba, yashin da ke sauke shi ya ratsa shi a zaune. Da hantsi yana Wurogauri. Ƙarar ce ta kusa ɓata aiki, don maruƙa sun tsinke igiya sun bazu cikin fadama, Inno mahaifiyar Ardo ta fito tana faɗa. Ya kashe inji ya tura sauran hanyar yana ba ta haƙuri. Da ya buɗe kula, ƙanƙara na nan da ƙwarinta. Ya ce alhamdulillahi ya fi sau nawa kafin ya ɗauki sirinji.

Kafin azahar an gama da garken duka. Wani guntun ƙanƙara ya rage, Inno ta ɗauka don ba ta taɓa riƙe irinsa ba, ta yar, ta sake ɗauka, ta jefa cikin ƙwaryar nono. Ita ta fara sha, ta ce haƙoranta, kowa ya yi dariya.

Shanun nan uku da suka riga suka kamu ba su tashi ba. Sauran Allah ya tsare su. Da Ardo ya ji labarin zoben, ya sa aka cika gora da man shanu, ya ce a kai wa mai gyaran da gaisuwarsa. Hamidu ya tarar da Bawa durƙushe kan wani injin ban-ruwa. Ya durƙusa kusa da shi.

"Baba, Allah shi saka maka. Garke guda ka ceta."

Bawa ya ce shi ƙarfe kawai ya cire, ya miƙa gorar cikin gida wurin matarsa Laraba, ya koma kan aikinsa.

Daga ranar Hamidu bai ƙara wuce Kalgo bai tsaya rumfar nan ba. Bayan shekara huɗu yanar ido ta kama Bawa, har ya daina ganin ƙananan notuna. Hamidu ne ya zo ya goya shi a babur ɗin zuwa asibiti a Birnin Kebbi, yana tafiya a hankali saboda tsoho. Sun wuce gonakin bakin gari ke nan Bawa ya dafa kafaɗarsa.

"Malam, taka shi mana in ji aikina."