Ludayi Guda

Da Tanimun ya samu aiki a kamfanin siminti na Malbaza, ya ce uwarsa Tsahara ba za ta zauna ita kaɗai a Tsarnawa ba. Ba ta yi musu ba. Abu ɗaya ta kafe a kai: jajayen kifayenta uku ba za su hau kamiyo, motar kaya, ba.

Kifayen nan gadon mijinta ne, marigayi Jaje, wanda ya yi wa wani Bature likitan dabbobi kuku a Konni. Da Baturen zai koma gida, ya bar masa su cikin akwatin gilashi. Mutanen gari sun sha dariya, wai gidan Jaje ana kiwon abin miya ana ba shi dussa. Tsahara kuwa tun da aka kai Jaje makwanci, da su take hira.

Ranar tashi ta hana su abinci, ta kwashe su cikin babbar ƙwarya da ruwansu na gida, ta yafa ganye a sama don kada ya yi tangaɗi, ta rufe da faifai. Sauran ruwan ta ɗura a tuluna, aka loda tare da akwatin. Sai ta aza gammo ta kama hanya a ƙasa. Tsohuwa ce, amma wuyan nan ko gezau, duk inuwar da ta samu sai ta sauke ta leƙa. Mace ke nan.

Ta isa Malbaza ƙafa a kumbure, kifaye uku na motsi. Tana gama mai da su akwatinsu, maƙwabciya Uwani ta yi sallama da ruwan baƙi. Tsahara ta kurɓa, ta ji shi sanyi ƙalau, da nauyi a harshe, ba irin na rijiyarsu ba. Uwani ta karɓi kwanon, ta nufi akwatin da fara'arta, wai ƙananan baƙi ma su sha.

Tsahara ta yi wuf ta tare ta. Ruwan nan in ya shiga gaba ɗaya zai iya kashe su, kuma mai da ruwan maraba ranar farko a baƙon gari abin kunya ne. Ta dai riƙe hannun matar.

"Yi haƙuri, ɗiyata. Kihin ga ba su san ruwanku ba tukuna. Ludayi guda za ki ba su yau, gobe ki ƙara guda."

Uwani ta zuba ludayin, ta fita ba ko sai an jima. Tsahara ta wuni da baƙin ciki, tana ganin ta ɓata zama tun ba a fara ba.

Da safe, tana share tsakar gida, ta ji sallama. Uwani ce, da ludayi cike a hannu, tana tafe a hankali kada ya zube, ga mata biyu a bayanta kowacce da nata.

"Inna," in ji Uwani, "sun ce a sa su layi. Wa ad da gobe, wa ad da jibi?"