Mashin Lallaɓau

Na daɗe ina koyar da wasanni a makarantar nan. Na ga malalata, na ga masu ƙaryar ciwon ciki, amma ban taɓa haɗuwa da yaron da ya ci mini rai kamar Lallaɓau ba. 'Yan ajinsu ne suka laƙaba masa sunan, kuma wallahi ba su zalunce shi ba.

Ga yaro har yaro, kafaɗa kamar ta ɗan dako. Ranar da na fito da mashin jifa daga ɗakin ajiya na ce a raina, to bana mun samu mai fitar da mu kunya a gasar makarantu. Na nuna musu riƙo, na nuna yadda ake jan hannu baya, gwiwar hannu a sama, a dasa ƙafar hagu, a saki ta saman kafaɗa. Lallaɓau ya karɓa ya taho a guje kamar gaske. Yana isa layi sai ya rage gudu, ya sauke hannu, ya cilla mashin daga wajen ƙugu. Mashin ya tashi sama a kwance, ya ɗan tsaya yana shawara, sannan ya sauko ya kwanta a ciyawa.

"Kai! Jariri na ba ka ka kwantar?"

"Yi haƙuri, Malam."

"Tsinin ne zai fara taɓa ƙasa, in ba haka ba ba a ƙirga maka komai. Sake!"

Ya sake, bai canza zane ba. Haka muka yi ta fama mako bayan mako, ina hura usur har kunnena ya fara ƙara. Abin haushin, ba wasa yake yi ba. Shi ke fara zuwa fili, shi ke goge mashin da gefen rigarsa in an tashi. Da ɗan iska ne da na kore shi na huta.

Wata Asabar ina tafe a kan babur zan je wurin bakanike, na bi ta gaban wani bene da ake ginawa. Sai ga Lallaɓau a ƙasa kusa da tulin jan bulo, ga wani dattijo a sama a kan katako. Yaron ya ɗauki bulo ya cilla daga wajen ƙugu. Bulon ya tashi a kwance, ya ɗan tsaya daidai ƙirjin dattijon, shi kuma ya cafe ko kallo bai yi ba. Na kashe babur na dafe kai. Ashe abin da nake ta yaƙi da shi ke nan.

Ranar Litinin na tsare shi da tambaya.

"Babana ne, Malam. Tun ina ƙarami ya koya mini. In ka jefa da ƙarfi sai ka fasa wa na sama yatsa, ko fuska. Ni ko a nan in zan saki, sai in ga kamar akwai mutum a can."

"Wa ke can? Ciyawa ce, bawan Allah! Ciyawa!"

Daga ranar na hana shi gudu. Na tsayar da shi gaban tulin yashin da ke bayan azuzuwa na ce ya yi ta caka mashin a ciki, daga sama zuwa ƙasa, inda ba mahalukin da zai tsaya. Kullum in ja shi baya kaɗan. Ranar da mashin ya fara kafewa a fili yana rawa, sai yaron ya juyo a tsorace ya ce in yi haƙuri. Kamar in shaƙe shi don haushi, kamar in rungume shi.

Ban gama murna ba sai ga uban a bakin fili, siminti har gwiwa, babban yatsansa naɗe da tsumma.

"Kai ne malamin da ya lalata wa ɗana hannu?" Ya ɗaga yatsan har kusa da hancina. "Shekara da shekaru yana miƙo mini bulo, ko ƙwarzane ban taɓa yi ba. Jiya ya harbo ni kamar mai jifan ɓarawo."

"Maigida, ai ci gaba ke nan."

"Ci gaban wa? Da hannun nan muke ci." Ya dubi ɗan, wanda ya ƙanƙame mashin yana kallon ƙasa. Ya yi tsaki. "Ranar da za ku zaɓi 'yan gasar zan zo. In an ɗauke shi, mu yi magana. In ba a ɗauke shi ba, shi da sandar nan har abada."

Bayan ya tafi Lallaɓau ya ce a hankali, "Malam, ban taɓa son wani abu kamar wannan ba." Na ce to ya daina ba ni haƙuri ya je ya jefa.

Ranar zaɓe na ja layi da farar ƙasa a tsakiyar fili. Duk wanda mashinsa ya wuce shi ya caki ƙasa ya shiga, kowa jifa uku. Uban ya iso. Ina kuke tsammani ya tsaya? Can gaba, bayan farin layin, hannaye a buɗe daidai ƙirji. Na hura usur kamar raina zai fita. Ya matsa gefe, amma dai yana gaba inda yaron ke ganinsa.

Jifan farko, Lallaɓau ya koma gidan jiya. Na biyu ma mashin ya kwanta lafiya lau kamar an yi masa shimfiɗa. Yara suka kwashe da dariya. Na taka har wurin uban.

"Maigida, don girman Allah ka bar gabansa!"

"To ina zan tsaya? Ni kullum gabansa nake tsayawa."

"Bayansa!"

Ya harare ni, amma ya biyo ni. Ya tsaya bayan ɗansa, ya cusa hannayensa biyu cikin aljihu.

"Ka gani? Ga su nan a aljihu. Ba mai cafewa. Jefa abinka."

Lallaɓau ya dubi filin, ba kowa sai ciyawa. Ya taho a guje, bai rage ba, gwiwar hannu a sama, ya dasa ƙafa ya saki. Mashin ya wuce farin layin da nisa ya nutse a ƙasa yana karkarwa. Usur ɗin ya faɗo daga bakina ban sani ba.

Uban ya taka har can. Ya ja mashin da hannu ɗaya ya ƙi fita, sai da ya sa biyu. Ya dubi ramin, ya dubi yatsansa, ya dawo ya miƙa wa yaron.

"Malam, ka cuce ni," in ji shi. Sannan ya juya ga ɗan. "Gobe ka nemo igiya da bokiti, da su za mu riƙa jan bulon."

"Baba, ai a wurin aiki zan iya lallaɓawa."

"Kada ka kuskura."