Ramuka Biyu a Kan Gwadabe

Na gama aske wa Gwadabe ɓarin kansa na dama ke nan, ina wasa aska a tafin hannu, sai muka ji sallama a ƙofar zaure. Wani dattijon Bafillace ne da malafa, ya ɗaure jakinsa a gindin darbejiya. Ya ce sunansa Datti, daga Gafasa yake, baffan Bubayero ne, saurayin da ke neman Hindatu.

Maƙwabcina Gwadabe, uban Hindatu, bai ko motsa ba. Lokacin ƙafafunsa sun kumbura, jikin ya zube, sai an kama shi yake fitowa zaure. Ya dubi baƙon, ya leƙa waje, ya ce, "Bappa, wannan jakin naka yunwa yake ji."

Na ji kamar in nutse. Duk Kademi mun saba da bakin Gwadabe, abin da ya gani shi yake faɗa. Amma wannan baƙo shi ne mai cewa a yi auren ko a fasa.

Bappa Datti ya zauna, aka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye da zancen damina da shanu. Can ya ce, "Malam Gwadabe, mun ji wata magana a kasuwar Gaya. An ce... a gafarce ni... an ce an taɓa samun taɓin hankali a gidan nan."

"Ni ne," in ji Gwadabe. "Kabo, ɗaga askarka. Bappa, kawo yatsanka."

Ya kama hannun dattijon ya ɗora a gefen kansa, sama da kunne kaɗan, inda fata ta lotsa. Ni da nake yi masa aski tun dawowarsa daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na zamanin Turawa, na san ramukan nan biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne kan babban yatsa zai zauna a ciki. Bappa ya janye hannu da sauri yana salati.

"Harsashi ne?"

"Likita ne. Ba a cikin uwata na samo haukan ba, a dajin Bama na samo shi. Aka kashe abokina a gabana, na daina barci, na koma ihu da duka. Har sajan na ciza. Suka kai ni wani asibitin soja a ƙasar Indiya, suka ɗaure ni wata da watanni. Rannan wani Bature ya huda nan, ya huda nan, ya zura wani ƙarfe, ya yanke abin da ya yanke. Na farka ina neman tuwo."

"Da izininka?"

"Wa ya tambaye ni?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sai muryar matarsa Barira ta fito daga bayan asabari. Ashe tun ɗazu tana tsaye.

"Bappa, a yi mini afuwa, ni zan ƙarasa maka, don shi ba zai faɗa ba. Mutumin da suka ɗauka daban, wanda suka maido mini daban. Na farkon mai zafi ne, mai dabara, shi ke gaba a kowace gayya. Wannan kuwa in ban ce tashi ka tafi gona ba, haka zai wuni a zaune. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu bai yi hawaye ba, tambaya ya yi ko an sauke abinci. Na yi kukan wannan har na gaji. Amma shekara ashirin da wani abu bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. 'Ya'yana kuma ga su nan, a bincika."

Bappa ya gyara zama. Sannan ya ce, "To Malam Gwadabe, tunda ba ka ƙarya, me ka gani game da yaronmu?"

"Yana da kunnuwa kamar faifai," in ji Gwadabe. "Amma in ya zo, Hindatu takan ƙona miya. Ku yi sauri, ni ba zan kai kaka ba."

Bappa Datti ya tuntsire da dariya har malafarsa ta faɗi. Da ya natsu ya share ido ya ce, "Wallahi jakin ma gaskiya ka faɗa." Ni dai na ƙarasa askin.

Ba a jira kaka ba. Gero na fitar da kai aka ɗaura aure. Mutanen Gafasa suka zo da ƙoren nono da man shanu, 'yan matansu suka cika layinmu da guɗa. Muka ɗauko Gwadabe a kan gadon kara muka ajiye shi a ƙofar gida, Barira ta sa masa tsohuwar rigarsa mai aska biyu wadda yanzu ta yi masa yawa. Duk wanda ya durƙusa gaishe shi sai ya samu rabonsa. Ya gaya wa liman cewa huɗubarsa ta cika tsawo. Ya gaya wa mai kalangu cewa gangarsa ta sha ruwa. Mutane suka riƙa turo juna don a ji me zai ce, ana ta shewa.

Da za a tafi da amarya, aka kawo ta gabansa a lulluɓe tana kuka. Ya ɗaga mayafin ya daɗe yana kallonta.

"Ni ba na iya kukan nan," ya ce. "Sun yanke wajen. Amma na san nan ne ake yinsa. Barira, yi mana ni da ke."

Barira ta yi, tana yi tana dariya.

Bayan bikin bai ƙara fitowa zaure ba. Wata safiya Bubayero ya zo a keke da ƙwaryar fura, damun Hindatu na farko a gidan miji. Ina nan aka ba Gwadabe. Ya sha sosai, ya lashe ludayi, ya ce, "Gaya mata ta cika yaji." Sannan ya ce a jingina shi da bangon ɗaki inda hantsi ke sauka, a ba shi gyaɗa ya ɓare, don Barira ta ce za ta yi miyar taushe.

Kafin azahar na jiyo salatin Barira ta kan katanga. Na same shi yadda na bar shi, kai a jingine, ƙwarya a cinya, kaji na tsattsagar ɓawo a gefen ƙafarsa.

Mun kai shi bayan la'asar. Har mutanen Gafasa sun samu jana'iza, Bappa Datti na cikin masu ɗaukar makara. A hanyar dawowa wani ya tuno abin da marigayin ya gaya wa liman, sai ga liman da kansa yana danne dariya da hannun riga.

Da yamma na shiga yi wa Barira gaisuwa. Mata sun cika tsakar gida. Ita tana zaune a jikin bangon nan, Hindatu ta kwantar da kai a kafaɗarta, ƙwaryar na tsakaninsu, suna ɓare sauran gyaɗar.