Waƙar Gidan Sibiya

Da aka sa ranar bikin Nokwanda, ita da ƙawayenta suka zaɓi kiɗan da za a sa a tanti, mawaƙan coci ma suka san nasu. Waƙa ɗaya ta rage, wadda ba a sa ta a na'ura: ihubo, waƙar gida, wadda uba yake ɗagawa idan ya riƙo hannun 'yarsa daga garken shanu zai miƙa ta gidan miji. Da ita kakannin da suka rasu suke sanin 'yarsu ta tashi, su bi ta. Kowane gida da tasa.

Ƙanena Mzwakhe ne ya raini Nokwanda. Da ya auri uwarta MaNtuli, a goye ta shigo da ita gidanmu na Sibiya, ko haƙori ba ta yi ba. Wanda ya haife ta, wani ɗan gidan Zungu, ya tafi birnin Durban tun tana ciki, bai ƙara waiwayowa ba. Tun da aka kawo shanun sadaki nake jin Mzwakhe a bayan garke yana gwada muryarsa ƙasa-ƙasa, in ya hango mutum sai ya mai da ita tari.

Aka zauna a gindin bishiya don tsara biki. Na kawo tukunyar giyar dawa na ajiye gaban babban wanmu Mandlenkosi, wanda shi ne yake magana da kakanni a madadinmu, na koma tabarmar mata.

Mzwakhe ya ce, "Yaya, ni zan ɗaga waƙar, ku amsa mini."

Yaya ya kurɓi giya ya share baki. "Wace waƙar?"

"Tamu mana. Muna da wata ne?"

"Tamu ta 'ya'yan Sibiya ce."

"Haba Yaya! Wa ya kai yarinyar nan asibiti da ta yi ƙyanda? Sunan wa take amsawa a makaranta?"

"Makaranta ba ta binne kowa ba. Ni ma ina son yarinyar, a cinyata ta koyi cin nama. Amma in muka kira tsofaffi muka ce ga 'yarku, suka duba suka ga ba jininsu ba fa? Su juya baya, ta tafi ita kaɗai. In ta je haihuwa ta gagara, ni za a tambaya."

"To a yanka akuya yanzu a nuna musu ita."

"Jinin wani gida ne. Ba a ɗauka sai masu shi sun yarda, in ba haka ba sata ce. A yi ta gidan uwarta, shi ne daidai."

Duk muka juya ga Fanyana, wan MaNtuli, wanda ya zo daga birni da takalmi mai ƙyalli. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ja baiti ɗaya, ya ja na biyu, kafin na uku muryar ta zame ta koma waƙar coci.

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Suruki, wannan ai ta ranar Lahadi ce. Saura mu zagaya da farantin baiko."

Aka yi dariya, Fanyana ya zauna yana goge gumi. Ya ce tsohon da ya san ta ya rasu tun suna yara, su kuma sun tashi a birni. MaNtuli ta sunkuyar da kai.

Yaya ya ce, "To a aika Durban. Mutumin Zungu ya zo ya fitar da 'yarsa."

Sai muka ji muryar Nokwanda daga bakin ƙofar ɗakin girki, inda bai kamata ta sa baki ba. "Baffa, ku yi mini gafara. In na gamu da mutumin nan a tashar mota ba zan gane shi ba. In ba Babana da ya raine ni ne zai riƙe hannuna ba, gara a kunna mini rediyo in fita."

"Ka ji tarbiyyarka," in ji Yaya, yana kallon Mzwakhe. Taro ya tashi ba a yanke komai ba.

Ana gobe biki Mzwakhe ya same ni ina tankaɗen garin masara. Ya ce, "Yaya Zodwa, ke ba ki ce komai ba."

"Me zan ce?"

"In na ɗaga, za ki amsa?"

Na ci gaba da tankaɗena. Ni ma ina tsoron abin da Yaya yake tsoro. Da waƙar nan aka fitar da ni, da ita muka raka mahaifinmu kabari, ba abin wasa ba ce. Kuma a gidan Yaya nake zaune tun da mijina ya mutu.

Da safe aka fito da amarya lulluɓe da bargo, aka shigar da ita garke. Motocin dangin ango suna jira a bakin hanya. Mzwakhe ya kama hannunta, ya buga ƙafa ƙasa, ya ɗaga.

Waƙar gida ba ta mutum ɗaya ba ce. Mai ɗagawa ya ba da baiti, jama'a su karɓa. Mzwakhe ya ba da baitin, baitin ya tsaya a iska. Maza suka kalli Yaya, Yaya yana kallon sandarsa. Ba abin da ake ji sai kukan maraƙi. Mzwakhe ya sake ɗagawa, na ga bargon yarinyar yana motsi.

A karo na uku na amsa. Muryata siririya ce, ta tsufa, ni kaina na ji kunyarta. Tsohuwar nan ta bayana ta kama mini, sai MaNtuli, sai wasu samari biyu da ba su san kalmomin sosai ba. Haka muka fitar da ita, waƙar tana ɗingishi har bakin mota. Kafin mu juyo Yaya ya ɗauki sandarsa ya bi hanyar gidansa, ko naman bikin bai taɓa ba.

Da yamma aka kawo mini akwatina da tabarmata daga gidan Yaya zuwa gidan Mzwakhe, ba saƙo. A nan nake har yanzu. In mun haɗu da Yaya a jana'iza yakan amsa gaisuwata, amma ba ya kiran sunana.

Nokwanda tana da ciki yanzu. Kwanan baya ta yi waya ta ce ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce ta kwanta ta huta. MaNtuli ta ce ai kowace mace tana yin haka. Mzwakhe ya ajiye wayar, ya fita ya tsaya a bakin garke har tuwonsa ya huce. Da ya dawo ya zauna kusa da ni, ya ce a hankali, "Yaya Zodwa, kada maganar nan ta kai gidan Yaya."